Babi na Huɗu: Awon Cikinka Daban, Na Maƙwabcinka Daban

A ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, jikin manomi yana tafiya ne tare da shekara. Daga saukar ruwan shuka har zuwa maimai, mutumin Kurmin Kogi yakan fita tun gari bai gama wayewa ba, ya wuni a duƙe kan fartanya, ba zai ga gida ba sai rana ta karkata. A wannan lokaci ne wando yake yi wa mutum yawa, kullum ana ƙara jan zariya. Idan kaka ta yi, masara da dawa suka shigo gida, aiki ya yi sauƙi, sai jiki ya murmure, kumatu su dawo. Haka iyaye da kakanni suka rayu: abin da kaka ta ajiye a jiki, damina ta karɓe.

Masu bincike sun auna irin wannan hawa da sauka a ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya, inda suka shafe shekaru suna ɗora manoma a sikeli. Sun ga mata suna zubar da 'yan kiloli a kowace damina, lokacin da aiki ya yi yawa abinci ya yi kaɗan, sannan su mayar bayan girbi. Duk manomin ƙasar Zazzau ya san wannan a jikinsa tun kafin a rubuta shi.

Yau al'amarin ya sauya wa mutane da yawa. Babur ya karɓe tafiyar ƙafa, injin niƙa ya karɓe turmi da dutsen niƙa, maganin feshi ya rage noman hannu, famfon burtsatse ya rage jan guga. Wanda Allah ya buɗa wa, ya koma dillancin hatsi ko tumatir, ya ɗauki 'yan ƙodago su yi masa aikin gona, shi kuwa yana zaune a rumfa. Aiki ya ragu, amma malmalar tuwo tana nan yadda take, har an ƙara mata lemon kwalba da shayin dare. Sannu a hankali tumbi ya fito, jama'a na cewa Alhaji ya samu hutu, Hajiya ta murje. Sai ranar da aka je asibiti aka auna, aka ce hawan jini ne ko ciwon suga, likita ya ce a rage ƙiba.

Daga nan tambaya take tasowa: to, nawa zan riƙa ci? Amsar wannan babi ita ce, babu adadi guda da ya dace da kowa. Kowane mutum da nasa awon, gwargwadon jikinsa da shekarunsa da aikin da yake yi a wannan wata da ake ciki. Kuma ragin da yake kai mutum gaci ɗan kaɗan ne, wanda za a iya riƙewa shekara da shekaru.

Abin da ake aunawa

Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani masani a Amurka, Wilbur Atwater, ya fitar da alƙaluman da ake aiki da su har yau. Giram ɗaya na sitaci ko suga, wanda ake samu a masara, dawa, gero, shinkafa da rogo, yana ba da kalori 4. Giram ɗaya na sinadarin gina jiki, wanda ake samu a wake, nama, kifi, ƙwai da nono, shi ma 4. Giram ɗaya na mai kuwa, man gyaɗa ne ko manja ko man shanu ko kitse, kalori 9 ne, ya ninka sauran har da ɗoriya. A riƙe wannan 9 ɗin da kyau, domin rabin maganar tana wurinsa.

Jiki yana kashe wannan ƙarfi ta hanyoyi uku. Mafi yawansa, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100 ga wanda ba ya aikin ƙarfi, yana tafiya ne a abubuwan da ba ma gani: bugun zuciya, numfashi, aikin hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa, da riƙe ɗumin jiki. Ko mutum ya wuni a kwance sai an kashe wannan. Kimanin kashi 10 yana tafiya wajen narkar da abincin kansa. Sauran kuma motsi ne: tafiya, noma, daka, wanki, ɗaukar kaya.

Abin da ya yi saura, jiki ba ya zubar da shi. Yana kai shi ajiya kamar yadda mai gida yake zuba rarar hatsi a rumbu, kuma kitse shi ne rumbun. Idan abin da ya shigo ya fi abin da aka kashe, ajiya ta ƙaru. Idan bai kai ba, a ɗebo daga ajiya a cike. Duk wani tsarin rage ƙiba da aka taɓa ƙirƙirowa, kowane suna aka ba shi, a kan wannan yake aiki.

Kafin lissafi: kana cikin masu buƙatar ragewa?

Wannan tambaya tana da nauyi a ƙasarmu fiye da a Turai, saboda ƙiba da rama a gida ɗaya suke kwana. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 kuma suna da rama. A wannan binciken dai, kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma a Arewa maso Yamma adadin ya haura rabi. Don haka maganar rage ci ta mutum ɗaya ce a gida, ba ta gida gaba ɗaya ba.

Don gane ko nauyi ya yi yawa, ma'aikatan lafiya suna raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau biyu. Mai kilo 90 da tsawon mita 1.70, a raba 90 da 1.70, abin da ya fito a sake raba shi da 1.70, za a samu 31. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuma ƙiba ce da ake ɗauka a matsayin lalura. Ƙasa da 18.5 rama ce, mai ita ƙari yake buƙata.

Akwai awon da ya fi wannan sauƙi, ba ya buƙatar sikeli ko biro. Samo igiya, ka tsaya a jikin bango ba takalmi, wani ya auna tsawonka daga ƙasa zuwa tsakar ka, a yanke igiyar a nan. Ninka ta biyu. Sai ka zagaya cikinka da ita, ɗan sama da cibiya kaɗan, bayan ka saki numfashi, ba tare da ka tsuke ciki ba. In bakin igiyar biyu sun haɗu, alhamdu lillahi. In sun ƙi haɗuwa, tazarar da ta rage tsakaninsu ita ce aikin da ke gabanka. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa wannan awo cikin shawarwarinta a 2022: zagayen ciki kada ya kai rabin tsawo. Dalili kuwa, kitsen ciki, wanda yake lulluɓe hanta da hanji, shi ya fi jawo ciwon suga da ciwon zuciya, fiye da na cinya ko na damtse.

Akwai waɗanda lissafin da ke tafe bai shafe su ba. Mai juna biyu ba ta rage ci. A watannin tsakiya tana buƙatar ƙarin kalori kimanin 340 a rana, a watannin ƙarshe kimanin 450. Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin wajen 500. Yara da matasa masu tasowa ba a sa su a wannan tsari sai da likita. Mai shan maganin suga ko mai allurar insulin, in ya rage abinci ba a gyara masa magani ba, sugansa zai iya faɗuwa har ya suma. Wanda kuma yake ramewa ba da niyya ba, kada ya yi murna: tarin fuka, ciwon suga, ƙanjamau da ciwon daji duk suna zuwa da haka. Wanda ƙafafunsa da fuskarsa suke kumbura, ruwa ne mai yiwuwa daga zuciya ko ƙoda, asibiti ya kamata ya nufa.

Yadda za ka fitar da naka adadin

Mataki na farko shi ne sanin abin da jikinka yake kashewa in kana kwance. Hanyar da masana abinci suka fi amfani da ita ita ce wadda Mifflin da St Jeor da abokan aikinsu suka wallafa a 1990. Ninka nauyinka na kilo sau 10. Ninka tsawonka na santimita sau 6.25, ka haɗa da na farko. Ninka shekarunka sau 5, ka cire. In namiji ne a ƙara 5, in mace ce a cire 161. Kowace wayar hannu tana da abin lissafi da zai yi wannan cikin minti ɗaya.

Mataki na biyu, a ninka abin da ya fito da nauyin aikin mutum. Rahoton da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2004 ya kasa mutane uku. Mai aikin zaune, irin mai shago, tela, direba ko ma'aikacin ofis, daga 1.4 zuwa ƙasa da 1.7. Mai matsakaicin aiki, irin magini ko matar da ke daka da ɗebo ruwa da itace, daga 1.7 zuwa ƙasa da 2.0. Mai aikin ƙarfi, irin manomin da ke huɗa da garmar hannu wuni guda, daga 2.0 zuwa 2.4.

Mu ɗauki misalin dillalin hatsi mai shekara 45, kilo 90, tsawon santimita 170. Nauyi ya ba da 900, tsawo ya ba da 1,062, an cire 225 na shekaru, an ƙara 5: kimanin 1,740. Da yake wuninsa a kan benci ne a kasuwar Ikara, zuwa da dawowa a kan babur, sai a ninka da 1.4. Ya zama kalori 2,440 a rana. Wannan shi ne abin da zai riƙe shi a kilo 90, ba ƙari ba ragi.

Yanzu a ce ƙaninsa ne, jikinsu ɗaya shekarunsu kusan ɗaya, amma shi yana gona a watan Yuli, ko yana ban ruwan tumatir a fadama da rani. A ninka 1,740 da 2.0, ya zama 3,480. Tsakanin wa da ƙani akwai tazarar kalori dubu guda a kowace rana, kusan malmala uku ta tuwo. In suka zauna kan kwano ɗaya suka ci daidai da juna, ko dai ɗaya ya ci gaba da ajiye tumbi, ko ɗaya ya kasa aiki. Mutum ɗaya ma yana iya zama duka biyun a cikin shekara: a damina 3,400, bayan an gama sussuka 2,500. Wanda bai rage kwano ba bayan aiki ya ƙare, nan ne ƙibarsa take shigowa.

Ga kuma uwargida mai shekara 38, kilo 80, tsawon santimita 160. Nauyi 800, tsawo 1,000, a cire 190, a cire 161: kimanin 1,450. In aikinta girki ne da shara da kula da yara a cikin gida, niƙa a inji, ruwa a kawo mata, a ninka da 1.5, ya zama 2,170. In kuwa ita ke surfe da daka da zuwa rijiya, a ninka da 1.8, ya zama 2,600.

Waɗannan alƙaluma kirdado ne na masana, sukan kauce da kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa a kan mutum guda. Mafari ne kawai. Sikeli da igiya su za su gaya maka bayan wata guda ko ka dace.

Nawa za a cire?

Shawarar da likitoci suka fi bayarwa ita ce a cire kalori 500 zuwa 600 daga abin da ke riƙe mutum. Dillalin namu ya sauko daga 2,440 zuwa wajen 1,900. Uwargida ta sauko daga 2,170 zuwa wajen 1,700. Da wannan, a watannin farko ana rage kusan rabin kilo a mako, wato kilo biyu a wata.

Asalin wannan lissafi daga wani likita ne, Max Wishnofsky, wanda a 1958 ya ƙiyasta cewa kilo guda na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kimanin 7,700. Sai dai jiki ba ya tafiya a miƙe haka. A 2011 Kevin Hall da abokan aikinsa suka nuna a mujallar likitoci ta Lancet cewa ragin yana yin sanyi da tafiya ta yi nisa, domin ƙaramin jiki ƙaramin ci yake buƙata. Saboda haka in bayan wata huɗu ko biyar sikeli ya tsaya cak, ba asiri aka yi maka ba kuma ba ka gaza ba. Sake lissafin da sabon nauyinka, ka ƙara tafiyar ƙafa.

Mutane da yawa sukan ce, in 500 na rage rabin kilo, bari in cire 1,500 in gama da wuri. An gwada wannan, an kuma ga ƙarshensa. A 1944 da 1945, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, Ancel Keys ya tara samari 36 masu lafiya da suka ba da kansu don a gano abin da yunwa ke yi wa ɗan Adam. Daga kalori sama da 3,000 aka mai da su wajen 1,570 a rana har tsawon mako 24, suna tafiyar kilomita 35 a mako. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, amma tare da kitsen har da tsoka. Suka riƙa jin sanyi, ƙarfi ya tafi, fushi da baƙin ciki suka yi yawa, ba su da zance sai na abinci. Abin da jikinsu ke kashewa a kwance ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Da aka sake musu mara, da yawansu suka yi ta ci ba ƙaƙƙautawa har kitsensu ya wuce na da.

A lura da adadin: 1,570. Ga ƙaramar mace mai zaman gida, wannan tsarin rage ƙiba ne mai sauƙi. Ga namiji mai aikin ƙarfi, yunwa ce tsagwaronta. Shi ya sa ɗaukar adadin da wani ya faɗa a rediyo ko a Facebook a ɗora wa kai yake da haɗari. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce mace kada ta yi ƙasa da 1,200, namiji kada ya yi ƙasa da 1,500, sai in likita na biye da shi. Ƙasa da 800 kuwa magani ne na asibiti, ana yin sa na ɗan lokaci ƙarƙashin kulawa, domin yana iya haifar da tsakuwar matsarmama da jiri da zubewar gashi.

Ba a kuma buƙatar mutum ya koma jikin samartaka kafin ya ga amfani. A wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, an bi mutum 3,234 da sugansu ya fara hawa. Waɗanda aka ɗora a kan burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kashi 7 kilo shida ne da 'yan kai. Aikin wata uku zuwa shida ne ga mai haƙuri. Sannu ba ta hana zuwa.

Daga ina 500 ɗin za ta fito?

Da an ce rage ci, hankalin Bahaushe kan tuwo yake tafiya. Amma a dubi alƙaluma tukuna. Cikin gwangwanin madara na garin masara, wajen giram 100, kalori 360 ne, kuma zai riƙe ciki sa'o'i. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ko man shanu kalori 120 ne, kuma ciki ba ya ma sanin ya shiga. Cokali uku na mai daidai suke da malmala guda. Duba yadda ake kwarara mai a kan ɗan wake ko garau-garau har ya taru a gindin kwano, a sa yatsa a suɗe: sau da yawa man ya kai abincin nauyi.

Ƙaramin cokalin suga kalori 16 ne. Robar lemon kwalba ta rabin lita tana ɗauke da suga sama da giram 50, wato cokali 13, kalori wajen 210. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sugan da ake ƙarawa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci, wajen giram 50 ga mai cin 2,000, kuma rabin haka ya fi. Roba ɗaya ta cinye rabon wuni. Zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya na sayarwa su ma in an cika musu suga hukuncinsu ke nan.

To, ga lissafin: bar lemo roba ɗaya, 210. Rage mai cokali biyu, 240. Rage suga cokali uku a shayi ko koko, 48. Jimla kusan 500, kuma ba a taɓa tuwo ba.

Teburin mai shayi da daddare shi ma wurin dubawa ne. Ƙaramar ledar taliyar Indomie ta haura kalori 300. Ƙwai biyu 150, man suya cokali biyu 240, biredi giram 100 wajen 260, shayi da madara da suga wajen 150. An haura 1,000 a zama ɗaya, sau da yawa bayan an riga an ci tuwon gida, daga nan kuma sai kwanciya.

A ƙasar rake kamar Makarfi da Kudan, dole a faɗi gaskiya kan mazarƙwaila. Ruwan rake ne aka dafa har ya daskare, kuma a wajen kalori kusan ɗaya take da farin suga. Zuma ma babban cokali ɗaya ya haura 60. Shan rake gaɓa biyu ko uku da sauƙi, saboda tauna tana ɗaukar lokaci, amma wanda ya zauna ya ga bayan sanda guda ya sha suga mai yawa, mai ciwon suga kuma ya kiyaye. Gyaɗa abinci ce mai amfani, sai dai gwangwani ɗaya na soyayyiya ya kusa 570, kuma a bakin hira ake cinye shi.

Abin farin ciki, abin da ke cika ciki ba tare da nauyi ba shi ne wannan yanki ya fi arziki da shi. Tumatir giram 100 kalori 18 ne kacal. Kabeji, kuɓewa, alayyahu, rama, yakuwa, zogale, albasa, gauta da kabewa duk marasa nauyi ne. Wake da waken suya da nono marar suga suna riƙe ciki, suna kuma kare tsoka lokacin da ake rage kitse. Faten tsaki mai yawan ganye, dambu da zogale, kwaɗon rama da ɗan ƙuliƙuli daidai misali: abincin da aka raina a matsayin na talaka shi ne wanda likita zai rubuta wa mai kuɗi.

Wuni guda a kan 1,900

Da safe, koko na rabin gwangwanin gari da suga cokali ɗaya, da ƙosai uku: wajen 400. Da rana, shinkafa rabin gwangwani da wake rabin gwangwani, awon ɗanye, da mai cokali ɗaya, a yanka tumatir da albasa da kabeji su cika gefen kwano: wajen 630. Da la'asar, nono kofi ɗaya ba suga, da gwaba ko lemon zaƙi: wajen 230. Da daddare, malmala ɗaya ta gwangwanin gari da miyar kuka ko kuɓewa mai yawa, da ɗan kifi ko tsokar nama: wajen 600. Abin sha ruwa. Wanda ya ci wannan bai kwana da yunwa ba. Uwargida mai 1,700 ta rage ƙosai ɗaya da kashi ɗaya cikin uku na malmalar dare.

Ba a nufin mutum ya riƙa awo har ƙarshen rayuwarsa. Mako biyu na awo da gwangwani da cokali sun isa ido ya koyi girman rabonsa. Abin da ya zama dole shi ne a ware wa mai ragewa kwanonsa, domin a tire ɗaya da jama'a ba wanda ya san iyakar abin da ya ci. Kuma kada a rage man tukunyar gida saboda mai gida yana rage tumbi. Yara ƙanana cikinsu kaɗan ne, suna buƙatar mai da gyaɗa da ƙwai don su girma. Man da ake ƙarawa a saman kwanon babba shi za a janye, in ma an mai da shi kwanon yaro ya fi.

Watan azumi dama ce, amma bincike da dama ya nuna abin da ake ragewa a cikinsa bai fi kilo ɗaya ko biyu ba, kuma yakan dawo 'yan makonni bayan Salla. Dalilin a faranti yake: ƙosai, soyayyen dankali, doya da ƙwai, fanke, kunu mai suga da lemo, duk a zama ɗaya. Dabino uku, ruwa, kunu marar yawan zaƙi da abu ɗaya na suya sun isa buɗa-baki. Karantarwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta raba ciki gida uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, kowane ɗalibi ya san ta, kuma ita ce ma'aunin wanda ba shi da gwangwani a kusa.

A yi hattara da kayan kasuwa. Shayin rage tumbi da ake tallatawa, yawancinsa gudawa da fitsari yake sa wa. Ruwa ne ke fita, kitse yana nan. Haka kuma magungunan sha-ka-fashe da 'yan mata ke sha don su yi jiki kafin aure, wasunsu suna ɗauke da sinadarin da ke kumbura fuska, ya tayar da suga da hawan jini, ya raunana ƙashi.

Motsa jiki kuma abokin tafiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 zuwa 300 a mako ga babba. Tafiya mai sauri ta rabin sa'a tana kashe wa mai kilo 90 abin da bai kai lemo roba ɗaya ba, don haka ba ta maye gurbin gyaran kwano, amma tana saukar da hawan jini da suga, tana kuma hana ƙibar dawowa. Ajiye babur a je masallaci da gona da ƙafa. Matan da ke cikin gida, zagayen tsakar gida bayan sallar asuba da surfe da hannu duk suna shiga lissafi.

Ya kai mai karatu, a wannan makon ka je cibiyar lafiya ta kusa da kai, ko babban asibitin Ikara, Makarfi ko Hunƙuyi, a auna nauyinka da tsawonka da jininka da suganka. Ka fitar da adadinka, ka cire 500 daga mai da suga da lemo, ka riƙa hawa sikeli ɗaya sau ɗaya a mako da safe kafin karin kumallo. In bayan wata guda kilo ɗaya zuwa uku sun tafi kuma kana iya aikinka, ka riƙe wannan awon. In jiri da kasala sun dame ka, ka ƙara abinci. In damina ta faɗi ka koma gona, ka sake lissafi, domin mai huɗa ba ya rayuwa a kan abincin mai rumfa.